Butar Sodangi

Tun kafin mulkin kai Sodangi direba ke jigilar gero tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma a wata tsohuwar lori. Da safe lafiya lau take tashi, amma in ta ɗau zafi aka kashe ta, sai an sha fama kafin ta sake tashi. Makanikai sun canja fulogi har sun gaji. Shi ya gano famfon mai ne ke zafi, fetur ya ƙi hawa, kuma jiƙaƙƙen tsumma ne maganinsa.

A dajin Barkiya, inda babu rijiya, fasinja kan ce, "Malam Sodangi, azahar ta yi." Sai ya tsaya, ya kashe mota, ya ja tsaki, ya juye butarsa a tsumman. Shekara goma mota ke shanye ruwan alwalarsa, shi yana taimama.