Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Gwaggo

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi ina girgiza kai a kan wautar mutane, alhali tawa tana nan a ajiye, kuma ba ƙarama ba ce. Ku yi mini uzuri, ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni malamin firamare ne a wani ƙauye can bayan Burumburum, inda gonaki ke ƙarewa daji ya soma. Da safe aji, da yamma gona. Ina da mata da 'ya'ya da babur ɗina, ina kuma da wani hali da sai yanzu na yarda mummuna ne: ba na tambaya. Da yake na ɗan yi boko, duk maganar da ta shafi gwamnati ni ake juyowa a kalla a majalisarmu, ni kuwa ko ban sani ba sai na faɗa, in na faɗa kuma na kafe. Ga saurin hawa. Matata takan ce ni sai na gama faɗa nake tambayar abin da ya faru, kuma wallahi ba ta yi mini ƙarya ba.

Gonar da nake nomawa gado ce daga mahaifina, shi ma daga kakana. A cikinta akwai manyan ɗorawa guda huɗu, amma ba nawa ba ne. Mutanen birni za su yi mamaki, to a wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Da kakana zai bar duniya, ya ce ƙasa ta mahaifina ce, ɗorawar kuwa ta 'yarsa ce, wato Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Duk garin babu wanda bai san haka ba, ko kwatance za a yi sai a ce wajen ɗorawar Gwaggo. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu ta zauna a sashenta, kuma da waɗannan itatuwa take riƙe da kanta. In bazara ta kama mu kaɗo mata 'ya'yan, ta fitar da gari ta rarraba wa yara, ta wanke kalwa ta dafa, ta rufe har ta ruɓa, ta kirɓa daddawa. Har daga Kafin Maiyaki mata ke aikowa a saro musu. Ban taɓa ganin ta roƙi kowa ko sabulu ba, ita ce ma mai ba da ɗan kunu in wata ta haihu. Da yake sunan kakana aka sa mini, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Babana take ce mini, tun ina tsumma har na yi gemu.

Wani rani aka ce ma'aikatan ƙidayar itatuwa za su shigo yankinmu. Mai unguwa ya tara mutane aka yi musu bayani, ni kuwa ranar na tafi Tudun Wada tantancewar malamai, ban samu zama ba. Ran da suka zo ina makaranta. Da la'asar na isa gona sai na tsaya ina duban itatuwan. Kowace ɗorawa an ja mata jan fenti daidai ƙirjin mutum, an rubuta mata lamba, a tsakiyar gonar kuma an kafa turken ƙarfe. Abin da ya sa na firgita shi ne labarin da muka tashi da shi a gidanmu. Kakana yana da wata gona can ciki, wadda yau tana cikin gandun daji na gwamnati. Mahaifina yakan ce da haka aka fara: wasu mutane suka zo da fenti suna shafa wa itatuwa, bayan ɗan lokaci aka ce daga nan zuwa can ba a ƙara sa fartanya. Tun ina yaro na ƙulle a raina cewa fenti a jikin itace sallama ce da gona.

Na tafi wajen mai unguwa a fusace, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Dattijon ya sa na zauna, ya ce ƙidaya ce kawai. Gwamnati tana son sanin yawan dajin da ya rage da irin katakon da ke cikinsa, har da itatuwan gonaki, kuma na'ura ce take zaɓen wuraren da za a auna, sai ta faɗa kan gonata da ta wasu maƙwabta. Ya ce ma'aikatan suna nan kusa, in na so gobe ya haɗa ni da su in ji daga bakinsu. Na yi masa wata irin dariya da har yanzu ina jin kunyarta. Na ce shi bai san gwamnati ba, ai ba za ta zo ta ce maka ga ni na zo ƙwace ba. Da na koma majalisa na shimfiɗa musu tawa fassarar, wadda babu inda na karanta ta, daga kaina na ƙago. Na ce duk filin da aka samu manyan itatuwa a ciki daji za a rubuta shi, daji kuwa na gwamnati ne, saboda haka mai hankali shi ne wanda za a dawo a tarar da gonarsa fayau. Wasu suka ce anya kuwa, Malam? Na ce su zauna nan suna anya.

A lokacin Gwaggo ba ta gari, ta tafi Bebeji wajen 'yarta da ta haihu, za ta daɗe. Matata ta roƙe ni in dakata ta dawo, ko in kira wayar 'yar tata a haɗa ni da ita. Ta tuna mini cewa 'ya'yan sun riga sun fito sun yi tsawo, saura ƙiris su nuna, ko na bana a bari tsohuwa ta kwashe. Na daka mata tsawa, na ce ana maganar gona sukutum tana maganar daddawa. Gaskiyar ita ce na san in na kira Gwaggo ba za ta yarda ba, ni kuma ban saba a ce mini a'a ba. Na nemo wani mai injin yankan katako daga wajen Doguwa, muka shirya ba tare da na nemi izinin malamin daji ba, don a ganina shi ma nasu ne.

Itacen da ya girmi mahaifina, wuni ɗaya bai kai ba a gaban inji. Ina tsaye inji yana ihu, ɗorawa tana faɗuwa ƙasa tana girgiza. Suka tsattsaga gangar jikin suka loda a mota, rassan kuma masu gawayi suka kwashe. Ɗanyun 'ya'yan suka zube birjik, awaki suka yi ta ci. Matan gari suka tsaya daga bakin hanya da tuluna a ka suna kallo. Na tumɓuke turken ƙarfen na wurga shi cikin kwari. Ranar na koma gida ina jin kaina wani gwarzo, har na ci tuwo na nemi ƙari.

Gwaggo ta dawo a kan acaɓa, hanyar kuwa ta gefen gonar take bi. Ɗan acaɓan ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce da suka kawo kwanar sai ta taɓa shi ta ce ya ɓata hanya, nan ba garinsu ba ne, domin da ɗorawarta take gane ta iso gida. Ya ce mata nan ne. Ta sa ya tsaya, ta sauka ta shiga gonar, ta bi kututturan ɗaya bayan ɗaya tana dafawa, sannan ta dawo ta hau suka ƙaraso gida. Da na shiga yi mata sannu da zuwa na zazzage mata bayani mai tsawo, har da labarin gonar kakana, kamar ba ubanta ba ne. Ta saurare ni har na gama. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko gwamnatin ta ce za ta karɓi gonar. Na ce ba ta ce ba tukuna. Ta ce to, Allah ya tsare. Na miƙa mata abin da mai katako ya ba ni, ta ce in riƙe, ita ba ta sayar da komai ba.

Aka yi damina, aka sake yin wata, babu wanda ya zo karɓar gonar kowa. Ni kuwa ina ta cewa a majalisa a jira dai a gani. Sai ga ma'aikatan sun dawo a wani rani, wannan karon ina gona. Shugabansu wani magidanci ne mai sanyin magana. Ya yi ta zagaye da na'urarsa yana neman turke bai gani ba, sai kututture. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya bayyana mini cewa fentin alama ce ta daidai inda ake zagaya tef a auna kaurin itace, domin in an dawo a auna wuri ɗaya a ga ko ya ƙaru. Turken kuwa don su gane wurin ne. Ya ce itacen gona a matsayin itacen gona suke shigar da shi, iyakar gandun daji kuma wani aiki ne daban da ba ya hannunsu. Sannan ya ce dole ya shigar da dalilin da ya sa itatuwan suka ɓace, ko gobara ce, ko iska, ko sara. A gaban mai unguwa na buɗe baki na ce ni na sa aka sare, saboda fentin. Mutumin ya ce ba ni ne na farko ba, kuma su ma da laifinsu, da ya kamata su nemi mai kowace gona ido da ido. Daga nan suka tsallaka gonar maƙwabcina, suka zagaya wa tsamiyarsa tef a kan tsohon fentin da ya koɗe. Tana nan lafiya ƙalau, har ta ƙara kauri.

Gonata tana hannuna, da ma ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Gwaggo ce ta yi asara. Ta gwada sayen kalwa a kasuwa, ta ga wahalar ta fi ribar, ta haƙura. Manyan tukwanenta suna kife a bayan ɗaki. Matan da ke aikowa sari suka koma wani wuri. Ci da sha da sutura duk na ɗauke mata, kuma ba na fasawa, amma matata ta faɗa mini cewa in sabulunta ya ƙare sai ta jira kowa ya fita, sannan ta zo bakin ƙofa ta yi maganar ƙasa-ƙasa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na durƙusa na nemi gafararta, ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na yarda ta yafe. Na samo dashen ɗorawa na dasa kusa da kututturan, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Da ma'aikatan suka sake biyowa suka ce dashen bai kai kaurin da ake sa wa tef ba, don haka a ƙidayarsu har yau gonata babu itace ko ɗaya. Ɗorawa kuwa ba ta gaggawa, Gwaggo kuma ta tsufa. Ni da ita duk mun san ba ita za ta dafa kalwarsu ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tsorona yana da asali, an taɓa raba kakana da gona, amma tsoro ba sani ba ne, kuma mutanen da za su ba ni amsa suna nan kusa, girman kai ya hana ni zuwa. Ina roƙon manoma 'yan'uwana, in kun ga alama a jikin itace ko turke a gona, ku je ku tambaya, ku sake tambaya, kada ku ɗauki maganar irina na majalisa. Ku kuma ma'aikata, ku daure ku nemi masu gona da masu itace ku yi musu bayani da bakinku, har matan cikin gida, domin sau da yawa itacen nasu ne. Wanda kuma aka bar wa amanar abin wani a cikin nasa, ya tuna zama a gonarka bai mai da shi naka ba.

Gwaggo tana nan da ranta. Kullum da safe ina shiga gaishe ta, tana amsawa da fara'a, tana tambayar yara da makaranta, tana sa mini albarka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai tun ranar da ta dawo daga Bebeji ban sake jin Babana daga bakinta ba. Malam take ce mini, kamar kowa.