Ranar da Na Allah ya ce sau guda

Duk wanda ya saba zama gindin bishiyar bedin da ke bayan tashar Tasawa ya san Na Allah mai rabon karta. Teburin shayina dab da tabarmarsa yake, don haka ba labari aka ba ni ba.

Manomi ne daga Bawdeta. Ranar kasuwa yake shigowa da amalanke, ya ɗaure jakinsa a jikin bedi. Suna dai Na Allah, sana'ar kuwa limamin garinsu ya yi nasiha har ya gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai shi ba ya caca, rabawa kawai yake yi. Kuma shekara goma sha biyu bai yi ƙarya ba.

Foka suke bugawa, wasan da ƴan ci-rani suka zo da shi daga Libiya. Kowa ya riƙe karta biyu, a shimfiɗa biyar a tsakiya, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe. In mutum biyu suka ce "tapi", wato kowa ya zube duk abin da ya zo da shi, to Na Allah yana da doka: kartar da ta rage sau biyu zai raba, kowane rabo ya ci rabin kaya.

"Wa ke shibka irinshi duka gona guda?" yakan ce. "In ruwa ya tsallake ta tudu, ta hwadama ta cishe ka."

Dokar nan ta mai da magidanta da yawa gida da wandonsu.

Sai ga Moctar, ɗan kabu-kabu daga Mayahi, mai baki kamar reza. Kasuwa uku yana tsokanarsa: "Baba, ka tsuhwa kana rabon nama ba ka taɓa lasawa ba. Ko tsoro ne?"

A ta huɗu Na Allah ya miƙa wa Sidi mai faci karta ya ce ya raba, shi kuma ya zauna wasa. Shaiɗan kuwa ya iya karɓar baƙo, hannun farko ya ba Na Allah as biyu, kartar da ta fi kowace ƙarfi. Da aka shimfiɗa huɗu, Moctar ya jefa makullin moto, wato babur ɗinsa, ya ce tapi. Na Allah ya nuna jaki da amalanke, waɗanda ke kai masa taki gona, su ɗebo wa matarsa Binta ruwa. Aka buɗe hannu, bakwai biyu ne kawai gun Moctar. Sai in wata bakwai ta fito Moctar zai ci.

Sidi ya ce, "Sau biyu ko, Baba?"

Na Allah ya dubi moton, ja, sabo, leda ma ba a cire wa kujera ba.

"Sau guda," ya ce.

Sidi ya juya karta, bakwai ce. Da yake ɗan neman magana ne, ya juya ta biyun don a gani kawai. Wata kartar banza ce, wadda da ta bar wa Na Allah jakinsa. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma tausayi ya kama ni.

A ƙasa ya koma Bawdeta. Shi da bakinsa ya ba ni sauran labarin. Binta ta saurare shi tsaf, ta ce, "Malam, ina maganar gona biyu?"

"Hadari na ga ya haɗu sosai," ya ce.

Ta jawo jarkoki biyun da jaki ya saba ɗauka, ta ajiye a gabansa.