Taku Uku na Mama Lai'atu

Mama Lai'atu ba ta taɓa ganin abu a rana ta wuce shi ba. Ko akuyar maƙwabta ce, ko bokitin wani, ko takalmin fasto a ƙofar coci, sai ta tsaya ta jawo shi inuwa. Mu 'ya'yan gidan mukan yi mata tsiya cewa da duwatsun garinmu Madakiya suna ɗaukuwa, da tuni ta kai su gindin mangwaro. Matar yayan babana ce, a hannunta na girma. Sunana Bernice, kuma har yau idan ta gan ni ba hula sai ta yafa mini gefen zaninta.

Daga Samaru Kataf aka auro ta. Mijinta, Baba Kumai, ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, shi ke kula da fitilun sigina. Ita kuwa citta ta sani. Wanda ya taɓa noman citta ya san ba a barin ta tsirara bayan shuka, sai an lulluɓe kunya da ciyawa da ganye don kada rana ta dafa irin. Shekara arba'in da wani abu Mama tana wannan lulluɓi, har ya zama mata hali.

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Baba Kumai. An binne shi a gefen gonar gida kamar yadda ya roƙa, inda iska kan kawo kukan jirgin ƙasa daga Kafanchan. Jirgin ya yi ta raguwa har aka daina sauraronsa, damina kuma ta yi ta lashe tudun kabarin har ya daidaita da ƙasa. Mama kaɗai ke zuwa wurin kai tsaye ba ta lalube. Buri ɗaya ya rage mata a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: idan Ubangiji ya kira ta, a kwantar da ita a hagunsa.

Bana dangi suka yarda a ba ƙungiyar manoman citta gonar gidan su riƙa huɗa da tarakta, amma a ware wurin kabarin da filin mutum ɗaya kusa da shi. Ana bukatar taswira. Da yake ni safiyo ce, mai awon ƙasa, da jirgi mara matuƙi nake aiki, aikin ya faɗo kaina.

Wayar hannu tana gaya wa mutum inda yake, amma takan kuskure da taku biyar ko goma. Namu kayan bibbiyu suke aiki. Na'ura ɗaya tana kan jirgin. Ɗayar tana zaune a ƙasa kan ƙafa uku, daidai bisa wata ƙusa da muka kafa cikin siminti, wadda muka san matsayinta sarai. Ta ƙasan tana sauraron taurarin ɗan adam, ta gane yawan kuskuren da ke cikin saƙonsu, ta raɗa wa ta saman gyara ta rediyo. Da haka muke auna ƙasa har zuwa faɗin babban yatsa. Sharaɗi ɗaya ne kawai: ta zaunen nan kada ta motsa.

Ranar awon, Mama ta kai ni kan kabarin, na shimfiɗa farin ƙyalle don ya fito a hoto. Sannan na kafa na'urar, na ajiye mata kujera kusa da ita don ta kore awaki.

"Wannan abin, wa yake ji?" ta tambaye ni.

"Taurari, Mama. Fiye da ashirin suna samanmu yanzu."

"Da rana tsaka?"

"Ba sa barci."

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama, inda babu komai sai shirwa ɗaya. "Kaman Baban ku," in ji ta. "Shi ma ya kunna fitila, direba bai gan shi ba, amma ya san akwai mutum a wurin."

Na bar ta na tafi can ƙarshen gona inda fili yake, tafiyar minti goma, na tayar da jirgin. Ya yi ta kai da komowa a layi-layi kamar mai huɗa, inuwarsa tana gudu a kan ciyawa. Daga nesa ina hango Mama, ɗan ɗigo da laima. Daga baya ta gaya mini hira take yi da na'urar. Ta ba ta labarin shekarar da citta ta yi kyau har buhu ya ƙare a kasuwa, ta rera mata waƙar zumuntar mata ta coci, ta tambaye ta ko daga can sama ana ganin Samaru Kataf da Madakiya a kallo ɗaya. Da na dawo na tarar da komai a wurinsa. Hadari ya taso, sai na naɗe kaya ban sake gwada wata alama don tabbatarwa ba. Wannan laifina ne, kuma na san shi.

Bayan sati biyu muka dawo kafa turaku, dangi duk sun hallara. Baba Simon, ƙanen marigayin, shi ne babba a gida yanzu. Na kafa na'urar a kan ƙusarta, na ɗauki sandar awo ina bin lambobin taswira. Inda ta ce nan ne, a buga turke. Turaku huɗu suka tsaya, aka zagaye su da igiya.

Mama ta zo ta duba igiyar, ta duba ƙasa. Sai ta fita daga cikin igiyar, ta yi taku uku gabas ta tsaya.

"Ba a can yake ba. Nan yake."

Inda ta tsaya kuwa yana cikin rabon tarakta.

Baba Simon ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son takarda, tsohon hedimasta, ko gaisuwa yake sai ka ji kamar yana duba jarrabawa. "Lai'atu, shekara ya yi nisa. Wannan mashin yana auna har santimita. Ke da kanki kin nuna wurin. Satilait ba ya mantuwa, mutum ne yana mantuwa."

"Na san inda na sa miji na."

"Bernice, gaya mata."

Na duba allon hannuna. Lambobin sun zauna daram, ba ko gezau. Kunya nake ji har yanzu idan na tuna abin da na ce. Na ce, "Mama, ko dai ciyawa ce ta rikita ki?"

Ta dube ni kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, ba fushi, sai wani irin kaɗaici. Matar da ta goye ni, na zaɓi allo na bar ta. Iska ta kaɗa igiyar, wani ya fara tattara guduma. Idan aka tashi a haka, ranar Litinin garma za ta bi ta kan Baba Kumai, ita kuma wata rana a kwantar da ita kusa da wofi.

Sai ta ce a hankali, "Na matsa shi."

"Wa, Mama?"

"Baƙon ki mai ƙafa uku. Rana ya yi zafi, na taɓa kan shi kaman tukunya. Kin tafi, na ɗauke shi na kai inuwan giginya. Da na ga jirgi ya sauka, na mayar da shi, na sa ƙafan shi a ramin da ya bari. Ban so ki yi faɗa ba."

Na tafi da sauri wurin ƙusar, dangi na biye da ni. Giginyar tana can gefe, doguwa, inuwar kanta ta faɗo nesa da gindinta, ɗan da'ira kamar faifai. A cikin da'irar, ƙarƙashin ciyawa, ga ramuka uku ƙanana da ruwan sama bai gama cikewa ba. Na auna daga ƙusar zuwa tsakiyarsu. Taku uku ne gabas, daidai da nata. Na'urar ta yi aikinta tsakani da Allah, tana zaune a inuwa tana rantsuwa cewa a kan ƙusa take, gonar duka ta goce a takarda.

Baba Simon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan shi da kansa ya tuge turken farko.

Washegari da hantsi muka sake awon. Mama ta kai ni kan kabarin, na shimfiɗa ƙyallen, wannan karon na gwada alamomi uku kafin jirgin ya tashi da uku bayan ya sauka. Da na dawo na same ta zaune kusa da na'urar, rana na dukan su su biyu, zufa na bin wuyanta. Laimar tana naɗe a kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai tsoron kada ta buɗe da kanta.

"Mama, ke ai kina iya shiga inuwa. Na'urar ce kawai ba a matsarwa."

Ta girgiza kai, idonta na kan farin ƙyallen can gefen gona.

"Bar ni in koya," in ji ta. "Shi ma shekara goma sha tara yana rana, ban iya matsa shi ba. Ni ne zan je wurin shi."