Awarwaron Manaja

Kawuna direban motar ruwa ne. Ya shekara da shekaru yana jan tanki daga kamfani zuwa unguwanni har bayansa ya ranƙwafa. Taurin kai kuwa ba a magana, in ya ce gabas, ko kwanciya ka yi a gabansa ba zai juya yamma ba. Shekarar da aka ba shi kuɗin sallama, a shekarar kasuwa ta rikice. Abin da ka taya da safe, kafin yamma kuɗinka ba su isa ba. Abokan aikinsa da suka bar nasu a banki suna ji suna gani guminsu ya narke.

Kowa ya kawo tasa shawarar. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta ce ya sayi fili. Ni ma da rawar kaina na ce ya zuba a hannun jari, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wadda ba ta taɓa riƙe abin da ya wuce kuɗin mota ba ta yi mana shiru. Sai ya saɓa riga ya nufi layin maƙeran zinari, ya dawo da awarwaro masu nauyi ƙunshe a hankici. Bai sa su a akwati ba, wai akwati ɓarawo yake fara dubawa. Matarsa ya kira, wadda muke ce wa Inna, ya zura mata su a hannun hagu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya raɗa mata suna Manaja, wai ita ce mai riƙe masa banki. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka duk tsufansu yana rataye a wannan hannun.

Inna mace ce mai jiki, ga ban dariya. Ba a jima ba awarwaron suka daina fita sai da dabara. In buƙata ta taso, kamar lokacin da rufin ɗakinsu ya fara yoyo, Kawu zai ɗauko kwano da ruwa da sabulu, ya zauna a gabanta yana murza mata hannu yana gumi. Ita kuwa tana masa tsiya, wai banki ya tashi, ya dawo gobe. Shi ya ce ai manajan da ke cin kuɗin jama'a ne kawai ke ƙiba haka. Zinari ya yi ta tashi, kuɗi suka yi ta faɗuwa, Kawu ya ishe mu da cika baki.

Ashe ciwo na cin Inna a ciki, ta ɓoye. Ta koma sa riga mai dogon hannu, in an ce ta rame ta ce zafi ne. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce sai an yi aiki, aikin da tsada, kuma bai yi alkawarin komai ba. Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tausayinta har na rasa wanne ya fi.

Da Kawu ya kawo maganar awarwaro, sai ta tura hannun ƙarƙashin bargo.

“In an sayar kuma na tafi, wa zai riƙe ka? Ƙarfinka ya ƙare, Malam.”

“Ban ajiye su don in zauna ni kaɗai ina cin abinci ba,” in ji shi.

Ya fita, muka zaci fushi ya yi. Sai ga shi da kwanon da ya aro wajen masu jinyar gadon kusa, da ruwa, da guntun sabulu. Ya ja kujera ya zauna kamar yadda ya saba, ya lallaɓa ya zaro hannun. Yana ɗaga shi, tun sabulu bai taɓa fatarta ba, awarwaron suka silalo gaba ɗaya suka zube cikin kwanon. Kawu ya tsaya da sabulu a hannu yana kallon ƙashin da ya rage. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

“Ka ga, yau banki bai wahalar da kai ba,” Inna ta ce a hankali.

An yi aikin, zinarin ya tafi kaf. Inna ta dawo gida da sanda. Kawu, da furfurarsa da ciwon bayansa, ya samu gadi a wani garejin motoci, yana wuni a kan benci. Ya hana kowa yi masa jaje. Har yau Manaja yake kiranta, kuma kullum in ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya zagaye wuyan hannunta da yatsu biyu ya auna ko ta ɗan ƙara ƙiba.