Babakura, Ba Ka Tura Ɗan Leƙe Ba

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran abokina Babakura Mahmud, mai gyaran kwamfuta a Kasuwar Kwastam. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya, da matarsa Mu'mina, da 'yarsu Khairunnisa, da ƙaninsa Uwais. Daga gidansu na Hausari muka raka shi makwancinsa kafin Magariba.

Babakura, na karɓi ƙaddara, ban ja da ita ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, a cikin baƙin cikina akwai haushi, kuma haushinka nake ji. Ina so Uwais ya karanta wannan, domin zazzaɓin da ke jikinsa yanzu shi ya hana ni yin shiru.

Alherinka ba ya buƙatar shaidata. Bayan ambaliyar bara, mutane suka yi ta kawo maka kwamfutocin da suka sha laka. Ka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago, ka kwance su gunduwa-gunduwa kana shanyawa kamar mai shanya kuɓewa. Na ga ɗalibar da ta zo tana kuka, aikinta na kammala jami'a yana cikin wata matacciyar na'ura. Ka ciro mata shi, ka ce ta share hawaye ta gaida gida. Haka kake da kowa, sai fa in an zauna wasa.

Ga wanda bai sani ba, idan kasuwa ta lafa bayan La'asar, mu huɗu muke zama a shagonsa, ni da shi da Uwais da Manasse, malamin sakandare daga Bulumkutu, mu yi wani wasan yaƙi na kwamfuta. Kowa yana gina gari, ya tara runduna, kuma ba a jiran kowa, yaƙin tafiya yake yi ko ka shirya ko ba ka shirya ba. A nan Babakura mai haƙuri yake rikiɗa ya koma mafaɗaci.

Kai ka koya mana cewa ba a ƙirga soja da kai. Mai mashi idan ya soki doki, ɓarnar ninkuwa take yi, amma gaban maharbi ba shi da ta cewa, tun daga nesa za a zubar da shi. Maharbi kuma idan mahayi ya cim masa, tasa ta ƙare. Kibiya a jikin ganuwa wasan yara ce, sulke ma yana cinye mafi yawan ƙarfinta. Gini sai injin jifan duwatsu, shi kuwa injin ko kansa ba ya iya karewa. Ni dai dawakai nake so, ina jin daɗin ganin ƙurarsu. Ranar da muka kara da wasu 'yan Jos ta intanet, na cika fili da mahaya, na auka cikin sojojinsu masu mashi, mahayana suka narke kamar ƙanƙara a zafin Afrilu. Na sake tara wasu na tura. Ka ture linzamin kwamfutarka, ka juyo.

"Kai, ka tura ɗan leƙe ka ga abin da suka tara? In ba ka san me kake yaƙa ba, ko dubu ka tura, abinci ka kai musu!"

Manasse ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar maganar ta zama dokar shagon: leƙe tukuna, sannan runduna.

To Babakura, ina dokar ta tafi da zazzaɓi ya kama ka? Ka ce maleriya ce, ka aika kemis aka kawo magani. Bai sauka ba, ka sake sayen irinsa. Bai sauka ba, ka ce wancan jabu ne, ka sayi na wani kamfanin. Na same ka a shago kana karkarwa cikin wannan zafin, na ce mu je a gwada jininka, ga keke mai ƙafa uku nan a tsaye. Ka ce, "Bari in gama na'urar bawan Allahn nan." Mu'mina ta yi magana, Manasse ya zo har gida, kowa ka ba shi amsa ɗaya, wai ka san jikinka. Sai da ciwon ciki ya naɗe ka aka ɗauke ka ranga-ranga. Likita ya ce taifot ne, ya daɗe yana ci har ya huda hanji, kuma duk abin da ka sha ko taɓa shi bai yi ba.

Wannan ne ke ci mini rai. Mutumin da zai tsayar da wasa ya yi mana faɗa a kan kibiyoyin da muka ɓata a jikin bango, shi ne ya yi ta tura abu ɗaya kan abokin gabar da bai taɓa leƙawa ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma neman magani da sani shi ma umarni ne, kuma ka fi mu sanin haka.

A zaman makoki, ina kusa da Uwais a kan tabarma, na ga gumi yana keto masa, ya zaro ƙwayoyi daga aljihu ya haɗiya ba ko ruwa. Irin kwalin da na gani a teburinka ne. Na tambaye shi ko an gwada shi. Ya ce, "Yaya, 'yar maleriya ce, in an watse zan je." Wallahi da ba cikin jama'a muke ba, da na ɗaga murya. An watse, kuma har yau bai je ba.

Allah ya jiƙanka, Babakura, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi. Mu'mina, Allah ya dafa miki, ya raya Khairunnisa bisa alheri. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Uwais, kai ma ina yi maka ta'aziyya. Gobe da safe ni da Manasse za mu tsaya da keke a ƙofar gidanku, kuma ba za mu tafi ba sai da kai. Hajiya ɗa ɗaya ya rage mata.