Ƙulli a Bakin Zanin Iya

Iya ba ta yin tatsuniya da rana. Kowa a gidanmu ya san haka, har 'ya'yan maƙwabta. In yaro ya matsa mata da hantsi, sai ta dube shi ta ce, "So kake in ɓata? Wanda ya yi tatsuniya rana tana kallonsa, hanyar gida ɓace masa take yi. In na ɓata, kai za ka riƙa dama mini fura?"

Kakata ce, mahaifiyar babana. Sunanta Kulu, amma ban taɓa jin an kira ta da shi ba sai a bakin wata tsohuwa ƙawarta. A hannunta na tashi, a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, inda gonar wani take ƙarewa a jikin dangar wani, kuma in an yi tari a gidanku maƙwabci zai ce sannu.

Da kaka muka fi samun ta. An yanke gero, an kai dawa rumbu, gyaɗa ta bushe. Da an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai ta kwashi garwashin murhu a wani tsohon kasko ta kai ƙofar ɗakinta, ta kakkarya karan dawa a kai. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiya. Ba ta ba mai zaman banza labari. Kowa sai ya ja rabonsa yana ɓarewa, ita kuma tana lura da bakin da yake motsi.

"Zulai, wannan gyaɗar ta iri ce. In kin cinye, baɗi ke za mu shuka."

Ba mu kaɗai muke zama ba, abin da yake ci mini rai ke nan a lokacin. Yaran unguwa kan shigo tun ba a share wurin ba. Cikinsu akwai Asabe, 'yar gidan maƙera, sa'ata, wadda kullum take riga ni zama a jikin ƙafar Iya ta dama, inda ɗumin wuta ya fi kaiwa. Mun sha yin faɗa a kan wurin nan. Wata rana na ture ta na ce, "Ki tafi wajen taku kakar mana."

Iya ta ce, "Tasu ta rasu, sarkin rowa. Matsa mata. Ƙafa biyu gare ni, kowa ta ɗauki ɗaya."

Tana da nata salon buɗewa, ba irin na sauran tsofaffi ba. Takan yi gyaran murya ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, akwai wuri."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta Delu mai ɗebo wuta. A wani gari aka yi ruwa kwana da kwanaki, har wutar kowane murhu ta mutu, kuma zamanin ba a san ashana ba. Sai aka aiki wata yarinya, Delu, wajen wata tsohuwa da ke bayan dutse, wadda wutarta ba ta mutuwa. Tsohuwa ta sa mata garwashi ɗaya a tsingaro. Delu ta kife shi da ƙoƙo, ta rungume, ta kamo hanya. Wani makiyayi ya ce ta ɗiba masa, ta ce ba zai isa ba. Wata mai jego ta leƙo daga bukka ta roƙa, ta wuce kamar ba ta ji ba. Wani tsoho a gidan bakin rafi ya yi mata magana, ta ƙara sauri. Da ta isa gida ta buɗe ƙoƙo, sai toka.

Ta koma tana kuka. Tsohuwa ta ce, "Wa kika ɗiba wa a hanya?" Ta ce, "Ba kowa, don kada ya ƙare." Tsohuwa ta sake sa mata wani, ta karɓe ƙoƙon.

A wannan karon Delu ta tsaya wa makiyayi ya kunna kara, ta tsaya wa mai jego, ta tsaya wa tsohon bakin rafi. Tana tafe tana hura garwashin tana yi masa waƙa. A nan Iya takan rage murya, ta ɗan karkata kai:

"Garwashi, kar ka yi barci,
Gida da nisa, ruwa na tafe,
Inna na jira da tukunya."

Tana tsallake rafi, ga rufin gidansu tana hange, sai yayyafi ya sauko, ɗigo ɗaya ya faɗa a tsingaro. Garwashi ya mutu. Delu ta durƙusa, don ta san ƙafarta ba za ta sake kai ta bayan dutse ba. Da ta waiwaya, sai ta ga hayaƙi yana tashi a gidan tsohon nan, a tsallaken rafi kawai. Ta koma, ya cika mata tsingaro.

Iya takan rufe da cewa, "Baƙuwa ta tashi, kowa ya karkaɗe zaninsa." Ni kuwa ban taɓa yarda da Delu ba. Nakan ce, "Ni da ni ce, gudu zan yi tun farko, in isa kafin ya mutu." Iya ta yi dariya har ta yi tari, ta ce, "Na sani. Ke ai ko hayaƙin ba za ki bari a shaƙa ba."

Sau ɗaya na ga ta karya dokarta. Shekarar da na yi ƙyanda, na kwanta a ɗakinta idona a kumbure, ba na cin komai, ba na barin kuka. Rana tsaka ce. Na ji ta tashi ta buɗe tukunyar gero, ta ɗauko ƙwaya ɗaya, ta sa a bakin zaninta ta ƙulle tam. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙullin.

"Kin ji? Na ɗaure hanya. In dole ta sa mutum ya yi da rana, haka ake yi. Amma ba ni zan kwance ba. Wanda aka yi wa tatsuniyar shi yake kwancewa in an gama, sannan mai yi ya dawo gida."

Ta yi mini ta Delu daga farko har ƙarshe. Da ta gama na lalubi ƙullin da yatsuna marasa ƙarfi, na daɗe kafin ya kwance. Ta ce, "Yauwa, na dawo," ta ba ni kunu na sha.

Yanzu ina aure a cikin gari, ina ɗinki a gida. Babbar 'yata takwarar Iya ce, Hauwa'u, muna kiranta Jidda. Ita ta fara ja na zuwa ɗakin karatu na garin, wanda na daɗe ina wucewa ta gabansa ina zaton na masu digiri ne. Ashe ranar Asabar da hantsi na yara ne. Akan ture kujeru a shimfiɗa tabarmi, a karanta musu littattafai masu hotuna, a ba su fensir mai launi. 'Yan sakandare suna can gefe a tebur suna bitar jarrabawa. Iyaye mata kan zauna a baya da goyo, wasu har sun fara koyon haɗa baƙi a wurin. Yaro kuma yana iya aron littafi ya je da shi gida.

Mai kula da sashen yaran, Malama Rabi, ita ce ta ce tana neman tsofaffi su zo su yi tatsuniya da baki, don littattafan da take da su ba su san gero da rumbu ba. Jidda ta yi caraf ta ce, "Muna da Iya."

Da muka je ƙauye na gaya mata. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi rauni, amma bakin yana nan.

"Ɗakin me?"

"Na karatu, Iya. Littattafai ne jere har sama."

"To su littattafan ba su da baki ne, sai an ɗauko ni? Da wane lokaci?"

"Da hantsi."

"Da rana tsaka! Zulai, kin gaji da ni ne kike so in ɓata a birni?"

Jidda ta rungume ƙafarta ta dama tana magiya. Iya ta shafa kan yarinyar. Can ta ce, "Yaran suna da yawa?" Na ce sun fi na ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Ba su da kakanni ne?" Na ce wasu suna da su, amma kowa yana gidansa, da dare kuma waya ake kallo. Ta ce, "To, bari a gama ɗaurin dawa. Ba na barin gida hatsi yana gona."

An gama ɗaurin dawa da 'yan kwanaki ta kwanta. Zazzaɓi ne, bai yi tsanani ba, bai kuma sake ta ba. Ranar wata Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki muka zauna da gwaggonnina muna ninke kayanta. A saman akwatin, ba a ƙasa inda ya saba zama ba, na ga zaninta na saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ba ta ɗaurawa sai za ta unguwa mai nisa. Na ɗaga shi, sai na ji wani abu ya taɓa hannuna. Ƙulli ne a bakinsa, ɗan ƙarami, an ja shi tam. Na murza, na ji ƙwayar gero a ciki.

Na roƙi a bar mini zanin, aka bar mini.

Na san ƙulli ba ya riƙe kowa. Iya tana inda Ubangijinta ya kai ta, addu'a ce take isa gare ta, ita nake yi mata. Amma zanin ya yi watanni a ƙarƙashin matashina, na kasa kwance shi, na kuma kasa mantawa da shi. Ta ɗaure hanya don yaran da ba ta taɓa gani ba, ba a yi tatsuniyar ba, ba wanda yake da ikon kwancewa. Na daina raka Jidda ranar Asabar. Da Malama Rabi ta zo mini ta'aziyya, ita na fara nuna wa ƙullin, na gaya mata ma'anarsa. Ta juya shi a hannunta ta ce, "Maman Jidda, ai ke aka bar wa aikin."

Na ce, "Ni ban iya ba. Muryata ba irin tata ba ce."

Ta ce, "Yaran ba su san tata ba. Taki za su ji."

Ranar da na je, na yafa zanin a kafaɗa, ƙullin yana cikin tafin hannuna. Babu wuta, babu gyaɗa, fanka ce take juyawa a sama, hasken rana ya cika tagogi. Na gaya wa yaran abin da za su amsa, sannan na ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Suka ɗauka da ƙarfi, har 'yan sakandare suka ɗago kai, "Ta shigo, akwai wuri!"

Na bi ta a hankali. Ruwa, ƙoƙo, toka, komawa bayan dutse. Wani yaro ya ce, "Me ya sa ba ta kunna gas ba?" aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na iso inda Delu take hura garwashi, na buɗe baki in yi waƙar, sai na ji muryar Iya a kunnena sarai, da ɗan karkata kan nan nata. Na tsaya cak. Kalmomin ma suka tafi, na neme su na rasa. Yara suka zuba mini ido. Na sunkuyar da kai ina murza ƙullin, ina jin an gama, a nan za ta tsaya.

Sai daga baya, cikin iyaye mata, wata murya ta ɗauka a hankali:

"Garwashi, kar ka yi barci,
Gida da nisa, ruwa na tafe..."

Na ɗaga kai. Wata mata ce da hijabi ruwan toka, da yaro a cinya. Fuskar ta cika, amma wushiryar tana nan. Asabe ce, 'yar gidan maƙera. Rabona da ita tun aurenta, ashe ba su daɗe da dawowa garin ba. Ta kai waƙar ƙarshe, ta sake ɗaukowa, yara suka bi ta. A zagaye na uku na samu muryata, na shiga. Na tsallakar da Delu rafi, na kai ta gida da wutarta.

Da aka tashi ta zo ta kama hannuna. Ta ce, "Sai kwanan nan na ji rasuwar Iya. Allah ya jiƙanta." Sannan ta share ido ta ce, "Har yanzu kina rowar ƙafar dama?"

Na ce, "Na bar miki duka biyun."

"Yanzu da babu," in ji ta. Muka yi dariyar da ba ta hana hawaye ba. Ta ce 'ya'yanta duk sun iya waƙar, da ita take lallashin su.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Delu gargaɗi ce ga marowata, wato ni. Ban lura ba cewa garwashin Delu ya mutu a karo na biyun ma, duk da ta bayar. Iya ba ta taɓa ce mana wanda ya ba da wuta tasa ba za ta mutu ba. Ta dai nuna mana inda ake waiwayawa in ta mutu. Duk daren da take cewa in matsa wa 'yar maƙwabta, ban san ni take ajiye wa wuta ba.

Har yanzu in na ji ƙamshin karan dawa a wuta, ƙafata kan so ta juya ƙauye. Ƙofar ɗakin tana nan, kaskon ma yana nan, an kife shi a jikin bango.

Da muka koma gida ran nan, na zauna a bakin gado na miƙa wa Jidda bakin zanin. Na ce ita aka yi wa tatsuniya, ita za ta kwance. Ƙullin ya yi tauri, hannun tsohuwa ne ya ja shi da niyya. Ta gwada da farce ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Ƙwayar geron ta faɗo a tafin hannunta.

Ta dube ni ta ce, "Umma, yanzu me ake cewa?"

Na ce, "Ba ke za ki ce ba. Mai tatsuniyar ce take cewa ta dawo."

Muka zauna, ni da ita, zanin yana shimfiɗe a cinyarmu.