Ranar Da Vernon Ya Zo Neman Ɗansa Wurin Tarwaɗa

Otis Tadlock tun yana firamare aka san shi da tsuguno. A wasan besbol akwai wanda aikinsa ke nan: ya tsuguna bayan mai sanda, ya nuna wa mai jifa da yatsu irin jifan da zai yi, sannan ya cafe ƙwallon. Ubansa Vernon, direban motar katako, shi ya koya masa a bayan gida, kuma babu gidan man da bai tsaya ya ba da labarin cewa ɗansa zai shiga babban kulob ba.

Babban kulob dai shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Otis ya tsufa a ƙaramin kulob ɗin Tarwaɗa da ke wani lungu na Mississippi, kwana a bas, burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa safe da yamma, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ana cikin haka manya suka zauna a majalisa suna shan iskar na'ura, suka cire 'yan wasan ƙananan kulob daga dokar kuɗin ƙarin lokaci. Wai ai wasa suke yi. Wasa! Wanda bai taɓa wuni a tsugune cikin rana ba shi ke da bakin faɗar haka.

Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, manaja ya kira shi.

"Otis, ƙafarka ta gama yawo. Amma mai sa mana rigar soso mai siffar tarwaɗa yana yi wa 'yan kallo rawa ya gudu, zafi ya kore shi. Shi ana biyansa kowace awa, har da ƙarin lokaci."

"Wato ni da na karya yatsu wasa nake, kifi kuwa ma'aikaci ne?"

"Haka doka ta ce."

"To miƙo kan kifin."

Abu ɗaya ke hana shi sukuni: kada Vernon ya sani. In tsohon ya bugo waya sai ya ce, "Baba, kullum ina fili." Ba ƙarya ya yi ba.

Wata Lahadi da rana sai ga Vernon ba sanarwa, ya kafa hular kulob, ya dasa kansa a layin gaba. Ya duba 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yafito tarwaɗa.

"Kai kifi, zo nan! Ina suka kai min yaro?"

A ƙa'idar sana'ar tarwaɗa ba ta magana. Otis ya gode wa Allah da wannan ƙa'ida, ya ɗaga kafaɗa, ya kaɗa jela, ya yi gaba yana wanka da gumi.

Da ya tsira, ba don Wilmer ba. Wilmer shi ne mai jifan da suka daɗe tare, kuma ranar ya rikice, sabon mai cafe yana ta ba shi alamar banza. Otis yana tsakiyar rawa ya hango ɓarnar. Hali zanen dutse: bai san lokacin da ya tsuguna ba, ya zura hannun soso tsakanin cinyoyi ya ba da alama. Wilmer ya dubi kifi, ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya jefa. Mai sanda ya doki iska! Fili ya kece da dariya, ban da mutum ɗaya da ya san tsugunon nan tun a bayan gida.

Bayan an tashi, tarwaɗa tana tsaye yara sun yi layin ɗaukar hoto, Vernon ya ratsa su ya tsaya a gabanta.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon bazara, Baba," in ji wata ƙaramar murya daga cikin bakin kifin.

"Kana cin abinci?"

"Har da nama."

Tsohon ya daɗe yana kallon idanun roba. Kunya ta kama Otis har ya fi son ƙasa ta tsage.

"Cire kan nan in ga fuskarka."

"Ba dama, Baba. Akwai yara."

Sai Vernon ya rungumi kifin haka nan, ya cusa fuska cikin soso mai warin gumi, kafaɗunsa suna rawa. Wata yarinya mai alewa a hannu ta ja masa riga.

"Tsoho, ka yi sauri mana. Ba naka ba ne kai kaɗai."